Littafin da Ya Shiga Rabon Gado

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, saboda ni ce 'yar fari. Ina ƙarama "ke" ce ni. Da na gama kwalejin horon malamai aka tura ni koyarwa wata firamare a ƙasar Kiru, sai na samu ƙarin girma na koma "Malama". Amma duk wanda ya ji yadda yake jan kalmar ya san tsokana ce. In ya ja ta da tsawo, to akwai aikin da zai ɗora mini wanda yake ganin zai ba ni kunya.

Wata Juma'a, a ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, na je gaishe su a ƙauyenmu na ƙasar Bebeji. Na tarar da shi a tsakar gida yana ɓarar gyaɗa, Inna tana gefe tana tankaɗe. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Malaaama. Ku da kuka sha boko har yana fito muku ta hanci, akwai littafin da zai gagare ku nemowa?"

"Babu, Baba," na ce, don tun ina yarinya bakina yakan riga hankalina isa wuri.

"Madalla. To gyara zama."

Labarin na san shi, duk gidan mun san shi, amma ranar ya ba da shi a tsanake. Yana saurayi aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a zauren mai unguwa, ya shiga. Malamin ajin yana da wani ɗan littafi na boko da yake ji da shi, mai tarihin garuruwan kudancin Kano: wa ya sari wane gari, ina aka yi ganuwa, ina Fulani suka fara kafa ruga, a ƙarshensa kuma akwai waƙoƙi. A tsakiyar littafin akwai hoton wani manomi yana huɗa da garmar shanu. Wannan manomi, in ji Baba, mahaifinsa ne. Yana cikin mutanen farko da suka karɓi garmar shanu a yankinmu, lokacin da ake yi wa mai yin haka dariya, kuma wani Baturen gona ya taɓa zuwa ya ɗauke shi hoto. Kakan nawa ya rasu tun kafin Baba ya yi aure, ba shi da wani hoto a duniya. Ranar da malamin ya ɗaga shafin a aji, Baba ya yi ihu ya ce tsohonsa ne, ya miƙa hannu zai karɓa, malamin ya ce a'a, hannun duk ƙasar gona ce. Ganin da ya yi masa ke nan, bai sake ba.

"Mene ne sunan littafin?" na tambaya.

"Da na san sunansa ai da ban jira ki gama kwaleji ba."

"Bangonsa wane launi ne?"

"Ba shi da bango. Tun a lokacin ma tsirara yake."

Inna ta ce, ba ta ko ɗago kai daga rariya ba, "Sai haƙuri, Malama. Ni ma da labarin hoton nan aka yi zancena."

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ture ƙwaryar gyaɗar gefe ya ce likitan da ya gani a Kano ya gaya masa gaskiya. Abin da ke idonsa ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar ce ke mutuwa a hankali, magani sai dai ya rage mata gudu. "Ina so in ƙara ganin fuskar tsohon nan tun da sauran idon," ya ce. Na kama hanyar gida. Na cika baki a gaban iyayena, ga littafi ba suna ba bango, ga ido ba ya jira.

Na fara da inda nake da iko, wato siton makarantarmu. Hedimasta ya ce tun da ya zo bai ga an buɗe shi ba, sai da aka fasa kwaɗon. Ashe gara ta riga ni. Ta karance kabad guda tun daga lissafi har labarin ƙasa, ta bar mini turɓaya. Duk da haka na tsira da wasu tsofaffin mujallun Hausa da 'yan littattafan karatu na zamanin iyayenmu da suka faɗa bayan kabad ɗin. Na zauna a ƙasa ina buɗawa ina atishawa har aka tashi yara ban sani ba. A nan cutar ta kama ni, kuma ba ta sake ni ba har yau. In na ji warin tsohuwar takarda sai na tsaya, ko da kuwa ana jirana a gidan biki.

Sauran makarantun da na bi duk waƙarsu ɗaya. Kowane hedimasta zai dafa goshi ya ce, "Kamar na san littafin nan. Akwai shi da, wane ne ya ara." In ka je wurin wane, shi ma wani ya ara a hannunsa, wanin kuma an yi masa canjin wurin aiki. A wajenmu ba a hana aron littafi, ba a kuma tambayar a dawo da shi, don kada a ce ka cika ƙwaƙwa. Haka littafi zai yi ta yawo har ya fi mai shi sanin gari.

Ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki na je wurin mai sayar da littattafai, wanda ke baza hajarsa a kan buhu. Dama littattafan addini, hagu sababbin littattafan soyayya da 'yan mata suka fara rububi a shekarun nan. Ya dube ni ya miƙo na hagu.

"Ba shi nake nema ba. Na tarihi nake so, tsoho, mai hoton shanu a tsakiya."

Ya dube ni da tausayi ƙwarai. "Hajiya, ko dai a gida ne ba a jin daɗi?"

Maigidana malamin gona ne, yana da babur na aiki, shi ya sa duk wannan yawo ya yiwu. Wata rana muna dawowa muka tsaya a Kwanar Dangora ya saya mana tsire. Da muka buɗe a gida, sai na ga takardar da aka naɗo naman shafi ce daga wata tsohuwar mujalla, da rabin wata waƙa a kan noman rani, mai ya ratsa ta har ana ganin bayanta. Na kwashe naman na zuba masa a faranti, na lallaɓa takardar. Washegari muka koma. Mai tsiren yana da tarin takardu a ƙarƙashin teburinsa, daga wani tsohon ma'aikaci da iyalansa suka share ɗakinsa bayan rasuwarsa. Ya ce in duba son raina, amma shi takardarsa ba ta fita sai da nama a cikinta. To haka muka zama 'yan gida. Ni ina zaɓar shafi, shi yana naɗa tsire a ciki, ina roƙonsa ya rage yaji a kan baitocin.

Maigidan ya yi ƙiba a watannin nan. Yakan ce, "Tun da na aure ki ban taɓa cin nama haka ba. Allah ya ƙara ɓoye littafin nan." Ni kuwa ina shimfiɗa takardun ƙarƙashin katifa su miƙe, ɗakina yana ƙanshin ƙuli-ƙuli, kiyashi ya mai da gadona hanyar kasuwa. Na samu labaran garuruwa, na samu waƙoƙin da ban taɓa jin ko ɗuriyarsu ba, amma babu manomi babu shanu.

Abin dariya ne in ana faɗa yanzu, amma a lokacin tsoro nake ji. Da, ina sako ƙafa daga zaure Baba zai ce, "Ga Malama da littafinmu." Daga baya sai na zo tsakiyar gida yake gane ni. Daga baya kuma sai na yi sallama. Ya daina tambayar littafin, wannan shirun ya fi tsokanar ciwo.

Hanya ta buɗe ta inda ban zata ba. Maigidan yana rabon takin zamani a wajen Tudun Wada, yana ba manoma labarin haukan matarsa don su yi dariya, sai wani dattijo a cikinsu ya ce, "Ajin yaƙi da jahilci a ƙasar Bebeji? Ai mahaifina ne ya koyar a can kafin mu taso nan. Allah ya yi masa rasuwa da daɗewa."

Ranar kasuwar Tudun Wada muka dira a ƙofar gidansa. Ya karɓe mu a zaure, ya ce tunda malama ce ni in zauna daga gefe in ji da kunnena. Na kwatanta littafin. Ya ce ya san shi sarai.

"Yana nan, Baba?" na tambaya.

"Yana nan. Wato nawa kason yana nan."

"Kaso?"

Sai ya warware mana. Da mahaifinsu ya rasu, malamin da ya raba musu gado mutum ne mai tsananin tsoron haƙƙi, ko allura ba ya bari a ƙasa. Aka raba gonaki, aka raba shanu, aka raba riguna. Littattafan Larabci suna da yawa, kowa ya samu nasa sukutum. Sai ɗan littafin bokon nan ya rage shi kaɗai. Babu mai so, amma kuma babu mai cewa ya yafe, don ranar an ɗan hau sama tsakanin 'yan'uwa a kan wata fadama, kowa yana jin ko tsinke ya bari an ci da shi. Malamin ya juya littafin, ya ga zaren ɗinkinsa ya riga ya tsinke. Sai ya yi bismilla ya shiga rabawa falle-falle, namiji biyu mace ɗaya, har ya ƙare.

Na toshe baki da mayafi na yi dariya har hawaye, ina cikin dariyar kuma na ji kamar in fasa kuka. Dattijon bai ga abin dariya ba. "An fitar da haƙƙin kowa," ya ce. "Har yau ba wanda ya ce an cuce shi."

Ya ɗauko nasa daga akwatin ƙarfe, a naɗe cikin tsumma. Shi ne littafin, ba shakka. Sai dai tarihin gari zai faro a hannun wa, ana cikin gina ganuwa sai ya yanke, ƙarashen yana hannun ƙane. Maigidan ya bi ƙannen ɗaya bayan ɗaya a kan babur. Wani ya ƙulle irin kuɓewa da nasa, wani ya toshe kafar taga, wani ya rantse bai taɓa karɓa ba sai da matarsa ta zaro su daga cikin rufin ɗaki. Duk suka ba mu da daɗin rai, har suna mamakin akwai mai so. Na jera su a tabarma ina haɗa kan magana da gindinta. Babu hoto.

Muka koma wurin dattijon, babban wansu. Ya ce, "To abin da ke hannunmu ke nan. Wataƙila mahaifinki wani littafin ya gani."

"Na matan fa, Baba? Kun ce mace ɗaya."

Suka dubi juna shi da maigidana. Wallahi ko a ransu abin bai zo ba. "Mata?" ya ce. "Me mace za ta yi da takarda? Ai tuni sun hura wuta da ita."

Na ce a ba ni izini in shiga in gaida mutan gida. Uwargidansa tana jin tambayata ta ajiye muciya. "Wuta? Abin da aka ba mutum na gadon ubansa zai sa a wuta? Maza dai ba su san komai ba." Ta ce ƙaramar ƙanwar mijinta tana nan cikin gari, nata fallayen suna tsakanin tangaran ɗinta don kada su goge juna. "Mai hoton kuwa yana wurin wadda ke aure a Doguwa. Ina wurin aka yi. Kuka ta sa ta ce ita a ba ta mai hoton Baba."

"Hoton wa?"

"Hoton babansu mana, da shanunsa."

 Na zo neman kakana, sai ga shi wata ta riga ta mai da shi ubanta.

Da kaka muka tafi Doguwa, muka ratsa dajin Falgore, birai suna zaune a bakin titi suna kallonmu. Ƙauyen yana gindin dutse, ko'ina masara da dankali. Maigidana ya tsaya a zaure wurin mijin matar, ni na shige. Na tarar da mace babba, mai jiki, mai dariya da dukan ƙirjinta, tana surfe. Na ce, "Sannu da aiki, Iya," na faɗi daga inda nake da wanda ya turo ni. Ta ja hannuna zuwa ɗaki.

Hoton yana can saman gadonta mai rumfa, gefen jeren kwanoni. Ta manna shi a bango da damammen garin rogo, ta zagaye shi da takardun alawa masu ƙyalli. Hayaƙin fitila ya mai da shi ruwan ƙasa. Ga shanu biyu, fari da baƙi, ga garma, ga mutum a bayanta ya ɗan sunkuya. A kansa akwai malafa mai faɗi, inuwarta ta sauko har haɓa. Rubutun ƙasan hoton cewa kawai ya yi manomi ne yana huɗa da shanu, ba sunan mutum ba sunan gari.

"Kullum na idar da sallar asuba sai na dube shi na yi masa addu'a," ta ce. "Ran Juma'a in share shi da gashin kaza."

Na ba ta labarin Baba, tun daga zauren mai unguwa har maganar likita. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta miƙo mini ƙwarya. "Yarinya, kin sha hanya. Sha fura tukuna, sai ki ci gaba da ƙaryar taki da ƙarfinki."

"Iya, ba ƙarya ba ce."

"A cikin kayan ubana aka same shi. Ubana yana da shanun huɗa. Ubana yana sa malafa. Wane ne zai ajiye hoton uban wani a akwatinsa?"

 Na roƙa ta ba ni aro in kai in dawo da shi. Ta ce in gwada ɗaga gefensa in gani. Na sa farce, sai yaɓen bangon ya biyo takardar. Rogon nan ya kama kamar tare aka gina su. Ko ta yarda, hoton ba zai fita da rai ba.

Maigidana ya kawo dabara. Mai hoto namiji ne, ba zai shiga ɗakin matar aure ba, to a aro mini kyamarar in ɗauka da kaina. Wani mai hoto a Tudun Wada ya koya mini inda ake dannawa, muka sake ratsa dajin, na hau gadon Iya na danna. Aka kai fim Kano aka wanko bayan makonni. Abin da ya fito farin haske ne ƙwal a tsakiya, da rabin fantekar Iya a gefe. Fantekar kam ta yi kyau.

Saura hanya ɗaya, a kawo Baba. Na gaya masa komai ban rage ba, har da cewa akwai mai ja da shi a kan uban. Ya ce, "Ta ci ƙaniyarta. A ɗauko mini rigar sallata." Muka shiga mota a Kwanar Dangora. Duk tsawon hanya yana zaune a miƙe, hannayensa a kan gwiwa, bai ci ko goro ba.

A zauren ne aka samu cikas. Mijin Iya dattijo ne mai fara'a, amma gidansa ba a shiga, ko ƙannensa a zaure suke tsayawa. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi amfanin gona, aka sha ruwa. Sannan ya gyara murya ya ce, "Na yi tunani a kan maganar nan. Ba komai, Malam, ka shiga. Tunda an ce ba ka gani, ai makaho ba a hana shi shiga gida."

Na runtse ido, don na san halin kayana.

"Wa ya ce ba na gani?" Baba ya daka tsawa. "Ina ganinka sarai! Ga ka nan da farar hularka!" Ya nuna maigidana, wanda ke zaune can gefe ba ko hula a kansa.

Mijin Iya ya danne dariya. "To in kana gani, Malam, ai ka san ba a shiga."

"In ba na gani me zan shiga in yi? Warin bangon zan shaƙa?"

Aka yi cirko-cirko. In ya ce yana gani, ƙofa a rufe. In ya ce ba ya gani, ya zubar da girmansa, kuma zuwan ya zama na banza. Na san Baba, ya gwammace ya koma Bebeji da ƙafa da ya amsa sunan makaho a zauren wani. Har ya fara laluben takalmansa. Ni kuwa raina ya ɓaci da su duka biyun, tsofaffi biyu suna jan magana ido yana tafiya.

Sai muka ji murya daga bayan katangar zauren. Ashe Iya tana laɓe tun ɗazu.

"Malam, a tambayar mini baƙon nan. Shi mutumin hoton, mene ne nasa?"

"Ubana ne!" Baba ya amsa bai jira an isar ba.

"To ni ma ubana ne. Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

Baba ya tsaya, takalmi ɗaya a hannu. Na ga yana auna maganar. Can ya ce, a hankali, "In kin yarda da nawa, na yarda da naki."

"Shi ke nan. Tunda ubanmu ɗaya, yayana ne. Malam, a wane gari aka taɓa hana wa shiga ɗakin ƙanwarsa?"

Mijin nata ya kama gemu, ya dubi rufin zaure, sannan dariyar da yake dannewa ta ƙwace. "Ni ba na shiga sha'anin 'yan'uwa," ya ce. "Bismilla, surukina."

Na riƙe hannun Baba muka shiga. Iya ta yaye labule, ta buɗe 'yar tagar, ni na kunna tocila duk da rana tsaka ce. Sai da muka taimaka masa ya hau gadon ya durƙusa, da babbar rigarsa da komai. Ya kai fuskarsa har hancinsa yana taɓa bango. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, don ta gefen idon ne ɗan sauran ganin yake. Ya daɗe.

"Ga farin nan," ya ce. "Ga baƙin. Baƙin nan mugu ne, ya taɓa watsar da ni a kunyar gona." Ya bi da yatsa har kan mutumin, ya tsaya. Ya matsa, ya ja baya, ya sake matsawa. "Malama, matso da fitilar." Na matso. "Fuskar fa? Ni ne ban gani ba ko?"

Wannan karon bai ja sunan ba. 

"Baba, malafa ta rufe ta. Ni ma da idona lafiya ba na ganin komai sai haɓa."

"A'a. Na gan ta a aji. Har wushiryarsa na gani."

"Babu, Baba. Inuwa ce kawai."

Iya ta matso ta leƙa ta kafaɗarsa, kamar yau ta fara ganin hoton. "Ikon Allah," ta ce. "Ni kuwa kullum ina ganin tsagen Baba a kumatun nan."

Baba ya juyo ya zauna a bakin gadon. Ya fara dariya ƙasa-ƙasa, ta yi ƙarfi, har ya sa hannun riga yana share ido, kuma na san ba duka ne na dariya ba. Iya ta zauna a ƙasa tana tayawa. Ni ina tsaye da tocila a kunne, na manta ban kashe ba.

"To ke, ƙanwata," ya ce da ya samu numfashi, "tsohon namu dogon hanci gare shi."

"Ina! Gajere ne, mai faɗi."

"Dogo ne. Ke ƙarama ce, ba ki san shi da ƙuruciya ba."

Suka yi ta yi. Shi ya faɗi yadda tsohonsa ke cije leɓe in garma ta ci dutse, ita ta faɗi yadda nata ke ɗaga gira in yaro ya karanta baƙi ba daidai ba. Ban taɓa jin Baba ya siffanta mahaifinsa haka ba, tun daga goshi har gemu, ba ya ko laluben kalma. Da za mu tafi ya sake juyawa ya ɗora tafin hannunsa a kan takardar, ya yi addu'a, ya haɗa su duka biyun. Sannan ya ce da Iya, "Ki bar shi inda yake. Ki ci gaba da share shi."

Kafin damina ta zagayo idon ya rufe gaba ɗaya. Fallayen da na tara na ɗinke su da zaren buhu, nakan karanta masa in na je, yana gyara wa marubucin tarihi yana cewa ba haka aka yi ba. Duk kaka kuma sai direban motar Doguwa ya sauke buhun dankali a Kwanar Dangora, da saƙon a kai wa Yaya. Baba ma in an yi sabuwar gyaɗa sai ya sa a auna na ƙanwarsa tun kafin a taɓa.

Da Allah ya yi masa rasuwa a tsakiyar shekarun casa'in, mun aika mata, amma ban sa ran za ta iya tafiyar ba, don ƙafa ta fara ba ta wahala. Ranar uku sai ga ta, da sanda. Ba ta tsaya inda masu ta'aziyya ke tsayawa ba. Ta wuce kai tsaye ɗakin Inna ta zauna a cikin dangi, ana shigowa ana yi mata gaisuwa tana amsawa tana hawaye. Wata maƙwabciyarmu ta ja ni gefe ta raɗa mini, "Wai wace ce wannan?"

"Gwaggona ce," na ce. "Ƙanwar Baba."

"Ban san yana da ƙanwa ba."

"Uba ɗaya suke," na ce, na ɗauki buta na kai mata ruwan alwala.